Idon Mujiya a Fiffiken Gwamna

Ranar da aka ciro Lionel Tordoff daga cikin laka ba wando, ina tsaye a ƙofar shagon shayi na bakin tafki da faranti a hannuna, don haka kada wani ya ce muku ji na yi. Safiyar Lahadi ce, wurin ya cika da masu kallon tsuntsaye, mutanen nan da ke zuwa daga birni da kyamarori masu dogon baki. Sai ga wani abu yana motsi cikin dogayen ciyayin ruwa, can wajen tsohon bututun hayaƙi. Kan mujiya ne, ƙato, yana tafe yana rangaji a saman ciyawa. Kowa ya yi tsit, aka saita kyamarori. Wani dattijo mai farin gemu yana raɗa wa na kusa da shi cewa bai taɓa ganin irinta a wannan yanki ba.

Mujiya ta ƙara gaba kaɗan, ta tsaya, sannan ta fara nutsewa a hankali. Daga ƙarƙashinta wata murya ta saki ashar irin ta 'yan ramin kwal, wadda ba ta rubutuwa.

Na ce, "Ku sauke kyamarorinku, bayin Allah. Wannan mujiyar maƙwabcina ce, na san ashar ɗin."

Mujiyar roba ce ya ɗaure a kan sandar tsintsiyar matarsa. Shi kuwa laka ta kai masa har ƙugu. Aka shimfiɗa katakai, maza suka kama shi ta hammata suka ja. Laka ta yarda ta ba da mutum, amma ta ce takalmi da wando nata ne. Haka ya fito, tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, daga shi sai rigar sanyi da ɗan kamfai, kuma bai saki mujiyar ba. Na yaye zanen tebur na miƙa masa ya ɗaura.

"Lionel, me ya kai ka cikin fadama da tsufanka?"

"Ba fadama ba ce. Nan ɗakin fitilun 'yan ramin kwal yake a da, siminti ne a ƙasa. Tun ina saurayi nake taka shi."

"To siminti ya yi ritaya tuntuni. Kai kaɗai ka ƙi."

Ya ɗaga kai ya dubi ƙolin bututun, inda shaho ke zaune yana gyaran gashi, kamar ba dominsa aka sha wannan wahala ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Lionel a layin ma'aikatan ramin kwal na garin Orrenby, kuma katangar ba ta kai kafaɗata ba, saboda haka babu abin da ya taɓa yi a bayan gidansa ban gani ba. Ni ce Noreen. Ina barin makaranta na shiga dafa wa 'yan rami abinci, a nan na fara saninsa: gajere, faffaɗa, hannuwansa duk shuɗin tabo inda kwal ya shiga ƙarƙashin fata ya zauna. Idan ya zo layin karɓar abinci kalma ɗaya yake furtawa, "Ƙara." Amma da zarar ya koma gida ya shiga ɗakin tattabarunsa, sai ka ji hira ta ɓarke kamar an haɗu da dangi. Matarsa Glenda takan ce da ta san haka ne, da ta tsiro gashin tsuntsu kafin a ɗaura aure.

Tattabarun gadon ubansa ne. Ba na miya ba ne, kada ma ka kuskura ka yi wannan wasan a gabansa. Ni kaɗai nake yi, kuma kullum nake yi. Na tsere ne. Ranar Juma'a ake zuba su a kwanduna, mota ta kwashe su ta yi kudu, wani lokaci har ƙetaren teku, a sake su da safiyar Asabar, kowa ya tsaya a bayan gidansa da gwangwanin masara yana kallon sama. A da kusan kowane gida a layinmu da ɗakin tattabaru. Tun wancan zamanin kuma ni da Lionel muke da shari'a, domin ban taɓa shanya farin zanen gado ba face ya buɗe musu ƙofa su sha iska. Ya ce ba da gangan ba ne. Na ce to tattabarunsa sun fi ni karatu, tunda har sa hannu suke yi.

Da aka rufe ramin, manyan motoci suka zo suka kwashe ɗan kwal ɗin da ya rage ta sama, suka bar mana wani ƙaton kududdufi. Ruwan sama ya cika shi. Ya yi shekaru baƙi ƙirin, ko kare ba ya sha. Daga baya ƙaramar hukuma ta zo da dashen itatuwa da alluna masu hotunan tsuntsaye. Tsibin dattin kwal da ke baƙanta mana shanya ya zama tudu mai ciyawa da bencina. Agwagi suka zo, yara suka fara koyon tuƙa kwalekwale daidai inda mazajenmu ke canza kaya. Gaskiya wurin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya don in faranta wa Lionel ba. Ni har aiki na samu a shagon shayin, na koma tafasa ruwa a kan ƙasar da na fara.

Abu ɗaya ya rage a tsaye, bututun hayaƙi na jan bulo, shi ma suka ce rushe shi za a yi. Lionel, wanda bai taɓa buɗe baki a taro ba, ya ɗauki kujerar naɗewa da fulas ɗin shayi ya je ya zauna a gindinsa, ana tsananin sanyi. Ya ce sai dai a rushe har da shi. Ni da Glenda muka riƙa kai masa kifi da soyayyen dankali a naɗe cikin takarda. Wani ɗan jarida ya tambaye shi dalili, ya ce, "Idan kuka rushe shi, jikokinmu za su ɗauka agwagi ne suka gina garin nan." Tsofaffin 'yan rami suka fito suka zauna tare da shi, hukuma ta ji kunya ta janye. Ranar a kafaɗa aka ɗauke shi zuwa mashaya. Ku riƙe wannan, domin duk baƙin cikin Lionel daga nan ya tsiro. Da hannunsa ya ceci bututun nan.

Bayan 'yan shekaru shaho ya zo shi da matarsa, suka duba ƙolin bututu, suka ga babu wuri mai tsawonsa a duk kwarin, ga kuma abinci yana tashi daga layinmu kowace safiya. Suka tare. Mai kula da gandun tsuntsayen da aka mai da wurin, Tamsin Oldroyd, jikar wani abokin aikin Lionel ce, mace mai kirki da karatu. Ta yi murna kamar ita aka yi wa haihuwa. Ta sa aka kafa musu akwati a sama, aka maƙala kyamara, aka jawo hoton har cikin shagonmu a kan wani babban allo. Ka sha shayinka kana kallon shaho yana ciyar da 'ya'yansa. Ciniki ya buɗe, har kofuna masu hoton shaho muka fara sayarwa.

Tattabarun Lionel kuwa suka fara raguwa. A fita a cike, a dawo da giɓi. Duk cikinsu ɗaya ne ya hana shi barci, wani namiji mai faɗin ƙirji da yake kira Gwamna, shi kaɗai ya rage daga ainihin tsatson tattabarun uban Lionel. Uban ya taɓa cin babban tseren da ake sakowa daga Faransa, Lionel kuwa ya tsufa yana nema bai samu ba. Ga ƙirjinsa ya lalace da ƙurar kwal, likita ya ce ƙurar tattabaru tana ƙara masa, Glenda ta tsare shi har sai da ya yi mata alkawarin wannan shekarar ce ta ƙarshe. Ke nan tsere ɗaya ya rage masa, tsuntsu ɗaya mai iya cin tseren ya rage masa, kuma duk tattabarar da ta taso daga kudu za ta zo layinmu, dole ta bi ta kan tafki, ta gaban bututu.

Ranar zagayowar haihuwar Glenda ta ja shi shagonmu cin kek. Bai so ba, ya zauna ya ba allon baya. Can sai mutane suka ɗauki "Kai, ku duba," domin shaho ya sauka da nama. Lionel ya waiwaya. Kyamarar nan ba ta da kunya, ta nuna ƙafar abin da ake figewa sarai, da koren zobe a jiki.

Ya ce a hankali, "'Yar Gwamna ce. Ta bara."

Wata baƙuwa mai jan hula a tebur na gaba ta ce, "Ayya. Amma haka rayuwar daji take."

"Wannan ba daji ba ne, baiwar Allah, wurin aikina ne. Abin da kike kallo kina cin kek kuma, tun yana ƙwai nake wahala da shi."

Tamsin ta shigo daidai lokacin, ta ga fuskarsa, ta ga allo, ta gane.

"Mista Tordoff, ka yi haƙuri. Na san da ciwo."

"Kakanki ya sani. Ke hoto kike ɗauka."

"Doka ta hana a taɓa su. Ko ni ban isa ba."

"Nawa fa, wace doka ta hana a taɓa su?"

"Ai shaho bai san doka ba."

"Amma doka ta san shi. Ku kai su wani wuri mana, ƙasar nan ba ta rasa duwatsu ba."

"Su suka zaɓi nan. Kuma da an rushe bututun tun wancan lokacin..." Ta kama bakinta, amma ta makara.

Na ce daga bayan teburin sayarwa, "Ƙarasa mana, 'yata. Mai gida ne ya kawo ƙarar 'yan hayarsa."

Ya juyo ya ce, "Noreen, shayinki ya huce. Bakinki ne kawai ke tafasa." Ya ɗauki hularsa ya fita, ya bar Glenda da kek biyu. Ni na taya ta.

Daga ranar ya shiga yawo. Ya je ƙaramar hukuma, suka ce maganar gandu ce. Ya dawo gandu, suka ce maganar doka ce. Ya je ƙungiyarsu ta masu tattabaru, wadda yanzu tebur ɗaya a mashaya ya ishe ta, suka ce kowa ma haka yake fama, ya sha giyarsa. Sai ya koma dabarun gida. Ya rataya tsofaffin faya-fayai masu walƙiya ko'ina, har a igiyar shanyata. Ya sayi usur. Ya canza lokacin sakin tattabaru, shaho ya canza lokacin karin kumallo. Daga nan ne ya sayo mujiyar roba, don an ce masa ita kaɗai shaho ke shakka, ya ce zai kafa ta a gindin bututu ta hanyar da babu mai ganinsa. Kun riga kun ji yadda aka ƙare. Kafin yamma hotonsa da zanen tebur ya shiga wayar kowa a garin.

Wani zai haƙura. Lionel ya ce dabarar ba ta da laifi, wurin kafawa ne ya kuskure. Idan shaho na tsoron idon mujiya, to a sa wa Gwamna idon mujiya a jikinsa ya tafi da shi duk inda za shi. Wai ya ji wasu masu tsere suna yin haka. Ana jibi tsere na leƙa ta katanga na ga Glenda ta riƙe Gwamna, ta baza masa fiffike, Lionel na zane da harshe a waje. Fentin da ake yi wa tumaki alama ya samo, wanda ruwa ba ya wankewa. Da'ira ruwan ɗorawa, baƙin ɗigo a tsakiya, ɗaya a kowane fiffike. Ba laifi, ya iya zane. Idan tsuntsun ya naɗe fukafukai ba ka ganin komai, idan ya buɗe sai ka ji gabanka ya faɗi.

Na ce, "Ka yi masa gira mana, ya fi kama da kai."

Sai dai akwai wata dabara ta masu tsere da Lionel ya manta bai haɗa ta da wannan ba. Namijin da za a tura nesa, raba shi ake yi da matarsa duk mako. Sai ranar tafiya a buɗe masa ya gan ta, ya yi mata 'yar rawarsa, ya fara zumuɗi, kafin ya kai ga komai a cafke shi a jefa kwando. Da wannan ƙishirwar yake keto teku. Na sha gaya wa Glenda ta gwada a kan Lionel ko ya riƙa dawowa daga mashaya da wuri, ta ce ita ta san sai dai ya ƙara kofi ɗaya.

Ranar Juma'a na jingina da katanga don in ga biki. Matar Gwamna, wata fara-fara da ake kira Gimbiya, tana zaune a akwatinta. Aka buɗe wa Gwamna. Ya shiga yana kumbura wuya, yana guɗa, yana jan wutsiya a ƙasa, ya zagaya sau ɗaya, sannan ya buɗe fukafukai don ya burge. Gimbiya ta ga mujiya a ɗakin aurenta. Ta yi sama ta bugi ragar wayar ɗakin, ta faɗo, ta cusa kai a kusurwa tana karkarwa. Gwamna bai san me ke jikinsa ba, ya bi ta yana lallashi, ta kwaɗa masa fiffike a fuska ta fice. Sauran tattabaru suka ruɗe, gashi ya turnuƙe ɗakin. Gwamna ya tsaya shi kaɗai a tsakiya, wuyansa ya sace.

Lionel ya kawo sabulu, ya kawo ruwan ɗumi, ya kawo man girki. Idon nan sai ƙara sheƙi yake yi. Sai dai a jira gashin ya zube da kansa, kuma wannan sai ƙarshen shekara.

Glenda ta ce, "Ka bar shi a gida, Lionel."

"In bar shi wa zan tura? Ke?"

Na ce, "Namijin da matarsa ta kora ba ya saurin komawa gida. Da mijina na da rai da ya gaya maka."

"Mijinki ba tsere yake ba, guduwa yake." Ya sa Gwamna a kwando. "Ba don mace kaɗai yake dawowa ba. Ni ma ya san ni."

Ranar Asabar tun da hantsi ya fito da gwangwaninsa da tsohon agogon ubansa, wanda ake jefa zoben roba a ciki ya buga lokaci. Domin a tseren nan zuwa gari ba shi ne zuwa ba. Sai tsuntsu ya shiga ɗaki, an cire zoben daga ƙafarsa an jefa a agogo, sannan ya zo. Ni kuwa na ɗauko farin zanen gadona mafi kyau na shanya, na ce idan wannan bai jawo shi ba babu abin da zai jawo shi. Lionel ya dubi zanen, ya dube ni, ya kau da kai. A wurinsa wannan godiya ce.

Rana ta yi tsaka, ta karkata. Glenda ta kawo burodi da cuku, bai taɓa ba. Wayarsa tana kan katanga, kuma duk wanda tasa ta fara shiga a ƙungiya shi zai kira sauran. Wayar ba ta yi ƙara ba. Yana tari, yana goge baki, idonsa na kudu.

Can ya ce, "Ga shi nan."

Ni ɗigo kawai na gani a kan tafki. Sai ga wani ɗigon ya ɓallo daga ƙolin bututu, ya hau sama, ya naɗe jiki ya faɗo kamar an jefo dutse. Glenda ta rufe ido. Ni ban rufe ba, don haka zan iya faɗa muku: shaho na gab da shi Gwamna ya karkata, fukafukansa suka buɗe wa rana, shaho ya goce ya wuce ta gefe kamar wanda ya taka wuta. Ko idon ne ya yi aiki, ko kuskure ya yi, Allah ya sani. Lionel dai har gobe ya ce idon ne.

Gwamna ya iso layinmu, ya zagaya, ya sauko. Gimbiya na bakin taga inda aka ajiye ta don ta jawo shi. Tana ganin idanun nan biyu suna saukowa daga sama ta afka ciki ta ɓuya. Gwamna ya fasa, ya ɗaga, ya sauka a kan rufina.

Lionel ya fara kaɗa gwangwani a hankali. "Zo, yarona. Zo mana. Shigo, shigo." Ban taɓa jin ya yi wa ɗan Adam wannan muryar ba. Gwamna ya karkata kai ya dubi taga, ya dubi Lionel, ya dubi taga. Tsakaninsa da agogo bai fi jifan takalmi ba, kuma babu tattabarar kowa da ta iso. Ni dai na ga abu na neman ɓaci, na ba da 'yar shawara, na ce ya fito da wata macen ko ya ɓoye Gimbiya, na kuma ɗan yi wa tsuntsun magana da kaina. Lionel ya ce ta tsakanin haƙora, "Noreen, don girman Allah." Na ce ai taimako nake yi.

Gwamna ya zauna har ya huta. Sannan ya girgiza jiki, ya tashi, ya juya ya nufi tafki. Ko zanena bai kula ba.

Jim kaɗan wayar ta yi ƙara. Lionel bai ɗauka ba. Ya rufe gwangwani, ya ɗauki agogon ubansa ya shiga gida. Ranar ban ce komai ba, kuma ina so a rubuta mini wannan.

Bayan kwanaki Tamsin ta zo shago tana haki, ta ce in kira shi. Ashe Gwamna bai yi nisa ba. Wani ramin bulo ya samu a jikin bututun, ƙasa da akwatin shaho, kuma ba shi kaɗai ba ne. Ya haɗu da wata tattabarar titi, irin masu tsintar ɓurɓushin burodi a ƙarƙashin teburanmu, gashi a yamutse, yatsa ɗaya babu. Ita duniya ta riga ta nuna mata abin da ya fi idon mujiya, ko a jikinta. Lionel ya tsaya yana kallonsu, jinin da ubansa ya tace tun kafin a haife shi, ga shi yana kai wa 'yar tasha tsinken sheƙa.

Tamsin ta ce, "Naka ne, Mista Tordoff, zobenka ne a ƙafarsa. Babu mai hana ka ɗauka."

"To kawo tsani."

Ta sunkuyar da kai. "Ba a sa tsani a bututu sai 'ya'yan shaho sun tashi."

Ya dube ta. Ya ce, "Na gode wa doka."

Bai buƙaci tsani ba. Ya dawo da gwangwani, ya kaɗa, Gwamna ya sauko ya ci a tafin hannunsa kamar ba abin da ya faru. Ya rufe hannu, ya cusa shi cikin riga, ya kai shi gida ya kulle. Gimbiya ta koma kusurwarta. Gwamna ya ƙi ci, ya ƙi sha, ya maƙale a jikin ragar waya yana kallon wajen tafki, ƙirjin nan mai faɗi ya fara zama ƙashi. Ina ganin Lionel ta katanga yana zaune a kan bokiti yana yi masa magana. Ya lallashe shi, ya zage shi, ya tuna masa waye kakansa. Wata safiya ina shanya sai na ji ƙarar sakata. Shi da kansa ya buɗe, ya matsa gefe. Gwamna ya fita bai waiwaya ba.

Ya cika wa Glenda alkawari, ya raba sauran tattabarun ga 'yan ƙungiya. Ɗakin yanzu tumatir take shukawa a ciki. Zanen gadona fari tas, har ba na jin daɗin shanya.

Shi kuwa kullum da hantsi yana gindin bututu, a kan kujerar naɗewar nan da ya yi yaƙi da ita, daidai ƙarƙashin allon da ya ce an hana ba tsuntsaye abinci. Idan Tamsin ta zo wucewa sai ta ga wani abu mai ban sha'awa a sama. Gwamna na saukowa da matarsa da 'ya'yansu, wasu munana masu faɗin ƙirji, su ci su koma. Shaho na bisansu bai taɓa su ba tukuna. Tamsin ta ce wai wani lokaci ba ya farauta a ƙofar gidansa, Lionel ya ce idon ne, kuma da ya ga gashin fenti ya faɗo ƙasa sai ya tsince ya ɗaga kai ya yi tsaki, don ya san idon na ƙarewa. Masu kyamarori sun gano tattabara mai idon mujiya, suna zuwa takanas. Na ce wa mai shago mu buga hotonta a kofi.

Jiya na kai masa shayi can, na tsaya a kansa.

Na ce, "Kai dai ka ga duniya, Lionel. Ka ceci bututu, shaho ya tare. Ka raini tsuntsu, ya bi 'yar tasha. Yanzu ga ka kana kai cefane gidan abokin gabarka. Ni abin da ban gane ba, ga ɗaki, ga masara, ga maƙwabta na kirki, me zai sa mai hankali ya zaɓi kwana a ƙarƙashin abin da zai iya cinye shi?"

Ya kurɓi shayin, ya yamutsa fuska, ya miƙo mini kofin.

"Ai a kan rufinki ya sauka ranar, Noreen, ya saurara ya auna. Shaho dai idan ya ƙoshi yakan yi shiru."